Ina Launin Famanganet Yake Tafiya?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe na sakandare a nan Jos, muna shirin WAEC. A lab mun riƙa ɗiga ruwan famanganet mai launin shunayya cikin ruwan ƙarfe da aka sa wa asid. Duk ɗigon da ya faɗa sai launinsa ya ɓace nan take. Ina yake tafiya?
Wata ɗaliba, Unguwar Rogo

Amsa: 'Yata, cinikin elektron kika gani da idonki. Manganis yana da elektron 7 da zai iya bayarwa, 2 a gurbin da ake kira 4s, 5 a gurbin 3d. A cikin famanganet ana lissafa ya ba da su duka, shi ya sa muke rubuta masa +7. Oksijin huɗu ne ke kewaye da shi. Idan haske ya faɗo, sai elektron ya yi tsalle daga oksijin zuwa gurbin da manganis ya bari wayam. Wannan tsallen ne ke shanye koren haske, abin da ya rage ya iso idonki shunayya.

Ƙarfen da ke kwalbarki kuwa Fe2+ ne. Kowane ɗaya elektron 1 yake miƙawa ya koma Fe3+, manganis kuma sai ya karɓi 5 yake ƙoshi, don haka ƙarfe biyar ke ciyar da manganis guda. Daga +7 ya sauko +2, oksijin ɗinsa su haɗu da H+ takwas na asid su zama ruwa. Da haka tsallen da ke ba da shunayya ya tsaya, launin ya ɓace. Mn2+, wato manganis a +2, ruwan hoda ne, amma mai rauni har ido ba ya kama shi. Da zarar ɗigon famanganet ya sa ruwan ya yi hoda kuma ya ƙi ɓacewa, ƙarfen ya ƙare, rufe famfon buret, bututun da kike ɗigawa da shi.

Kada ki yi rowar asid. Lokacin ina koyarwa, wani yaro ya tsakura shi kamar mai zuba turare, kwalbarsa ta yi ruwan ƙasa, ya rantse mini sinadarin ne ya lalace. Manganis ne ya maƙale a +4, ya zama MnO2, elektron 3 kacal ya karɓa. Shi ne dai tabon da ke kama hannu da roba idan an jiƙa famanganet a gida don wanke ciwo.

Kuma asid ɗin salfurik za ki zuba. Idan kika ɗauko asid ɗin HCl, famanganet zai wawuri elektron daga kuloraid ɗin da ke cikinsa ma, iskar kulorin ta tashi, lissafin famanganet ɗin da kika ɗiga ya haura.