Amsa: Wai tasiya ɓera ce ko biri, kuma ana iya kiwonta a gida?

Malam, ka tambaya ko wannan 'yar dabbar mai manyan idanu da ka gani a hoto ɓera ce. A'a, dangin birai ce, sunanta tasiya. A tsibiran Filifin, Indonesiya da Maleshiya take, kamar Bohol, Sulawesi da Borneo. Babu ita a Afirka, sai dai muna da galago mai kama da ita, amma zuriyarsu daban.

Idanun nan su ne abin mamaki. Kowane ɗaya faɗinsa ya kai milimita 16, kusan girman ƙwaƙwalwarta, ga shi ba ya juyawa a gurbinsa. Shi ya sa take murɗa wuya kamar mujiya, har ta kalli bayanta. Da daddare za ka ganta maƙale a siririn reshe, kunnuwa na motsi, sai wuf ta daka tsalle ta cafke fara da hannu biyu. Ba ta cin ganye ko 'ya'yan itace ko kaɗan, sai ƙwari, ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye. Tana ɗaukar ciki kusan wata 6, ta haifi ɗa guda.

Batun kiwo kuwa, don Allah ka cire shi a ranka. Hayaniya, hasken kyamara da taɓawa suna firgita ta, har takan riƙa buga kanta a jikin keji ta mutu. Abin yana min ciwo idan na ga masu yawon buɗe ido suna riƙe ta da rana, lokacin barcinta. A wurin da aka keɓe mata a Corella, cikin Bohol, kallo kawai ake yi, a yi shiru.