Cikin da aka ɗauka a jiki da na ɗakin gwaji: amsoshin likita

Tambaya: Likita, na shekara shida da aure ban taɓa ɗaukar ciki ba. An gwada ni an ce bututun mahaifata duka biyu sun toshe, sai dai IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji. Me ya bambanta shi da cikin da kowace mace ke ɗauka?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo mafita. Bambancin wuri ne kawai, wato inda ƙwai da maniyyi suke haɗuwa. Mutane da yawa sun ɗauka a mahaifa ake haɗuwar, alhali a bututu ne. Ƙwai yakan fito daga ma'ajiyarsa sau ɗaya a wata, ya shiga bututu, kuma bai wuce awa 12 zuwa 24 yana jira ba. Ƙwayoyin maniyyi kuwa suna iya kai kwana biyar da rai a jikin mace. Idan ɗaya ta ratsa ƙwan, sai ya fara rarrabuwa yana gangarawa, ya iso mahaifa bayan kwana uku zuwa huɗu, sannan ya manne. To ke hanyar ce a rufe.

A IVF ana kewaye bututun gaba ɗaya. Za a yi miki allurai na kusan kwana goma zuwa sha biyu don ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, maimakon ɗaya. Sai a zuƙo su da siririyar allura ana kallo ta na'urar sikanin, kina cikin maganin barci. A haɗa su da maniyyin maigidanki a ɗan faranti, a ajiye a na'ura mai ɗumin jiki, digiri 37. Bayan kwana uku zuwa biyar a zaɓi wanda ya fi kyau a sa shi cikin mahaifa da siririn bututun roba. Mannewa kuwa ba ta hannun likita, shi ya sa wasu sai sun maimaita. Kuma shekarun mace na da tasiri sosai, don haka kada ki yi ta ɗagawa.

Tambaya: Ni namiji ne, gwaji ya nuna ƙwayoyin maniyyina kaɗan ne kuma ba su da kuzari. Wannan hanya za ta amfane ni?

Amsa: Za ta iya, Malam, kuma na yaba da ka je gwajin, don maza da yawa sai su bar matar da yawon asibiti. A jiki, miliyoyin ƙwayoyi ne ke fita kafin ƙalilan su isa ƙwai. A ɗakin gwaji ana iya ɗaukar ƙwaya ɗaya tak da allurar gilashi a sa ta cikin ƙwan kai tsaye. Ana kiran dabarar ICSI, kuma a Beljiyam aka fara samun haihuwa da ita a 1992.

Tambaya: Gaskiya ne a kwalba jaririn yake girma, kuma ba ya haihuwa in ya girma?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Kwanakin farko kaɗai yake yi a waje, yana ɗan ɗigon da da ƙyar ido zai gani. Sauran watannin duk a cikin uwarsa. Louise Brown, wadda aka fara haifa ta wannan hanya a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, ta girma ta haifi 'ya'yanta ba tare da IVF ba. Robert Edwards, masanin kimiyyar da ya yi aikin samar da IVF tare da likita Patrick Steptoe, ya samu kyautar Nobel a 2010.

Tambaya: Zan iya neman a sa mini tagwaye?

Amsa: Tagwaye suna yawa a IVF ne idan an sa fiye da ɗaya a mahaifa. Ban ba ki shawarar haka ba, saboda cikin tagwaye ya fi kawo hawan jini da haihuwar bakwaini. Gara a sa ɗaya, a daskarar da sauran don gaba.