Akori-kura mai dafa batir, kuma in ta yi zafi kik sai ja da ƙyar

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce tsohuwar akori-kurar nan mai kabureta da aka kawo maka, in ka ɗora mita a batir ka ba ta wuta tana kai bolt 15.6, batir na biyu kenan ta cinye, ƙwan fitila sai ƙonewa yake, sannan da safe bugu ɗaya take tashi amma in ta yi tafiya ta ɗau zafi aka kashe, sai kik ya riƙa "wu... wu... wu" kamar batir ya mutu, sai an bar ta ta huce. Wai kana ganin a sauya altaneta da kik gaba ɗaya a huta. To a'a, kar ka kwance komai tukuna. Wanda ya sauya kaya biyu lokaci guda ko motar ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in kuma bata gyaru ba ya ci kuɗin mai mota a banza, ya dawo yana kallonka.

Fara da mitar taka ma. Irin ƙananan mitocin nan in batirin cikinsu ya yi sanyi sai su riƙa ƙara lamba, ka ga 15 alhali 14 ce. Je ka gwada ta a wata motar da ka san lafiyarta ƙalau. Allurar dashbod kuwa ban ma saka ta a lissafi ba. In mita ta tabbata, toh 15.6 ta yi yawa ba gardama. Batir mai lafiya da ya kwana a cike 12.6 ne, injin na aiki kuma tsakanin 13.8 zuwa 14.5 ake so, da sanyin safiya yakan ɗan haura kaɗan saboda haka aka yi rigileta, in ya ɗumama ya sauko. Amma duk abinda ya zauna sama da 15 dafa batir yake, ruwan ya riƙa tafasa yana ƙonewa, ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, gefen batir ya kumbura. Wannan iskar da yake fitarwa tana kama wuta fa, kar ka kuskura ka yi tartsatsi a kansa ko wani ya tsaya da sigari a wurin.

Abinda nake so ya zauna maka a kai shine altaneta bata da hankali, ita dai ƙarfi gare ta. Rigileta, wanda wasu ke cewa katawut, shi ke gaya mata ƙara ko rage, ta hanyar wutar da yake sakar wa koyil ɗin da ke juyawa a cikinta. Shi kuma rigileta baya ganin batir da idonsa, waya ce ke kawo masa labari. In wayar ta ci tsatsa ko soket ya saki, batir na 15 da rabi amma abinda ke isowa gare shi 14 ne, sai ya ce ai daidai nake, ya ci gaba da turawa. Kaga nan ba laifinsa ba ne, ƙarya aka yi masa. Ka saka sabo goma, haka zasu yi duka.

Don haka duba wane iri ne a motar. Tsofaffin nan da yawa rigiletan a waje yake, ɗan akwati ɗaure a jikin bodi cikin bonet, wasu kuma ayisi ne, wato ɗan ƙaramin rigileta na lantarki, a cikin altanetar, irin na Toyota da zaka ga soket ɗin da S da IG da L, wannan S ɗin ita ce mai kai labarin. Tada motar, kunna fitilu da fanka don wuta ta yi gudu, ɗora jan bakin mita a kan fositib na batir, baƙin kuma ka soka shi ta bayan soket a wayar nan mai kai wa rigileta labari ba tare da ka cire soket ɗin ba. Lambar da ka gani ita ce wutar da ta ɓace a hanya. 0.1 ko 0.2 ba komai. In ka ga 0.8 ko 1 cur, ka kama ɓarawon, sai ka bi hanyar a hankali: fiyus, soket-soket, da makunnin ki, don a masu rigiletan waje sau da yawa ta cikin makunni wutar ke bi, shi kuma shekaru sun cinye masa ciki. Sai ɗaya ɓangaren, bakin mita ɗaya a negatib na batir, ɗaya a jikin akwatin rigileta. Nan bana son ganin sama da 0.1. Akwatin ta notinsa yake samun negatib, in ƙasansa tsatsa ce ko an yi wa motar sabon fenti aka ɗaure shi a kan fentin, shikenan. Gwaji mai sauƙi, ɗauko guntuwar waya ka haɗa jikin akwatin da negatib na batir kai tsaye kana kallon mita, in 15.6 ta faɗo 14 da ɗoriya a gabanka, sanfefa kawai aikin ke buƙata.

Ni wannan ta taɓa cina wallahi, ina matashi. Wata akori-kura ce da aka yi wa aikin bodi, na saka mata rigileta sabo, bayan kwanaki ta dawo da batir yana zafi kamar an sauke daga wuta, na ce jabu aka sayar min, na sake wani, haka dai. Maigidana yana zaune bai ce min uffan ba sai da na gaji, ya taso ya kwance noti biyu ya ɗaga akwatin, fenti ne lafta-lafta a ƙasa yana ƙyalli, ko ɗigon ƙarfe babu. Ya kankare da bakin sukudireba ya mayar, mita ta zauna 14.2. Ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

In kuma hanyoyin biyu tsaf suke, wato rigileta na ganin 15.6 ɗin da kansa amma ya ƙi ragewa, kashe motar ka zare soket ɗinsa ka sake tadawa. Caji ya tsaya mita ta koma 12 da wani abu, to shi ne ya mutu, in mai foyin ne, wato 'yan ƙarafan da ke haɗuwa suna rabuwa a cikinsa, ƙila foyin ɗin sun manne. Caji ya ci gaba da hauhawa babu rigileta, kashe da sauri, wayar fil ce, mai kai wa koyil ɗin da ke juyawa wuta, ta goge ta haɗu da wani abu ko matsalar na cikin altanetar. Mai ayisi a ciki kuma in S lafiya, sai a buɗe a sauya ayisin, ba dole sai altaneta sukutum ba. Abu ɗaya da bana so na ji ka yi: cire kan batir injin na aiki wai don a ga ko tana caji. Na san kana ganin ana yi. Batir shi ke shanye tsallen wuta, ka cire shi wutar ta yi sama lokaci ɗaya ta kashe dayod da duk wani abu mai ayisi a motar.

Yanzu zancen kik. Kafin ka zarge shi ka tuna batirin nan an dafa shi wata da watanni. 12.6 a tsaye bata nuna yana da ƙarfi ba, sai an ɗora masa kaya. Buɗe murafun ka leƙa, in farantan sun fito waje sun bushe ka riga ka san labari, ruwan distil kawai ake ƙarawa ba asid ba. In kana da abin gwajin ruwa, cikakke 1.265 ne, ɗakin batir ɗaya ya bambanta da saura da 0.050 batirin ya tafi. Hanya mafi sauri dai ka aro batirin da ka yarda da shi ka yi gwajin da shi.

Kuma gwajin nan da zafi ake yi. Ciwon baya nunawa da sanyi, ka auna da safe komai zai ce maka lafiya lau. Zagaya da ita ta ɗau zafi sosai, kashe, jira minti goma haka, don a lokacin ne zafin manifol ɗin salansa ke ratsa kik tunda ba fanka ba iska. Tagulla in ta yi zafi tana ƙara tauri wa wuta, kusan 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya, kaga kik da ya tashi daga 25 ya kai 125 an ƙara masa kusan kashi 40. Sabon kik da wayoyi masu kyau zasu shanye wannan ba a ji ba, amma tsohon da burushi ya cinye, ga kebul da ya yi kore a ciki, shi ne sai ya durƙusa.

Farko saurara da kunnenka. Injin na juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa, wannan ba kik ba ne, sau da yawa fetur ne ya tafasa a kabureta ya malale, wani karatun ne daban. Kai ka ce ja yake da ƙyar, to saka giya a firi, ja hambirki, zare wayar tsakiya daga distiributa ka jingina ta da jikin injin don kar ta tashi, sai ka buga. In yanzu ya juya fir-fir kamar ba shi ba, ka bar kik ya sarara, tayimin ne aka kai gaba da yawa, wuta na tashi fistin bai gama hawa ba tana dankwafe shi. Alamarsa dama juyi ɗaya, tsayawa, juyi ɗaya. Mutane da yawa sun sayi kik saboda distiributan da wani ya murɗa da kunne.

Bai canza ba, sai mita. Wani ya riƙe ki yana bugawa, kar ya wuce sakan 10 zuwa 15 a bugu ɗaya, kai kana karantawa. A kan batir kar ta faɗi ƙasa da 9.6. In ta zauna 11 da wani abu amma kik na jan ƙafa, wutar ce bata isa gare shi ba ko bata ratsa cikinsa. Auna daga ainihin dalmar fositib ta batir, ba maƙalin ba, zuwa babban notin da ke shiga cikin kik bayan solonoyid, ana bugawa, kar ya wuce 0.5. Daga dalmar negatib zuwa jikin kik kar ya wuce 0.2 zuwa 0.3. Wanda ya yi yawa ka riƙa matso da bakin mita gaɓa-gaɓa har ka ga inda lambar ta faɗi. Taɓa da hannu ma yana faɗa maka, mahaɗar da ta yi zafi bayan bugu ita ce. Kebul ɗin da ya kumbura kusa da kai, tsaga robar ka gani, garin kore zaka tarar. Ka leƙa kuma ko wayar nan mai kitso da ke haɗa injin da bodi tana nan, masu sauke injin sun iya mantawa da ita, kuma ita ɗin tana da hannu a zancen rigiletan waje ma.

In kuwa batir mai kyau ne, wayoyi tsaf, amma mita ta nutse ƙasa da 9.6 kebul na zafi, kik ne ke zuƙar wuta fiye da ƙima. Nan ne zaka sauke shi. Girgiza amecha, wato abin da ke juyawa a cikin kik, in tana wasa bushin ya cinye, da zafi tana gogar jiki, zaka ga sheƙin gogewar a kanta. Duba tsawon burushi da tagullar cikin solonoyid. Kafin ka mayar ka duba farantin da ke kare shi daga zafin salansa, galibi an jefar da shi tuntuni, in babu ka yanka gwangwani ka yi masa, ka bar ɗan fili tsakani iska ta wuce.

Caji zaka fara gyarawa kafin sabon batir ya shiga motar nan, in ba haka ba na uku ma dafuwa zai yi. Ka rubuta lambobin a takarda, na rigileta biyu, na kik uku da zafi, ka turo min kafin ka ce wa mai motar ya sayo ko fiyus.