Aiki ba ya sauri a kamfaninmu: me ya kamata mu saya?

Wasiƙun wannan karon daga masu riƙe da kamfanonin fasaha suka fito, kuma kukansu ɗaya ne, wato nauyin jiki. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye.

Tambaya: Ni ne shugaban sashen fasaha a kamfani mai injiniyoyi kusan sittin. Ƙaramin gyara idan kwastoma ya nema sai ya ci wata biyu kafin ya fita, abokan gasarmu kuwa cikin mako suke gamawa. An kawo mana tayi biyu: manhajar bibiyar ayyuka da za mu riƙa biyan lasisinta kan kowane ma'aikaci, ko ƙwararru daga waje su horar da mu tsarin Ajayil, wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan ana fitarwa akai-akai, na wata shida. Kasafinmu ba zai ɗauki duka biyun ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Yallaɓai, ka ajiye takardun nan biyu tukuna. Ka ɗauko gyare-gyare goma na ƙarshe da kuka fitar, ka bi sawun kowanne tun ranar da aka nema har ranar da ya isa hannun mai shi. A kowane mataki ka rubuta abu biyu: awa nawa hannun wani yana kan aikin, da kwana nawa aikin ya yi a ajiye. Ina kyautata zaton za ka tarar aikin kansa bai wuce 'yan kwanaki ba. Sauran duk jira ne. Jiran sa hannun manaja, jiran kwamitin da sai wata-wata yake zama, jiran masu gwaji su gama da wani abin, jiran mutum ɗaya tilo da ya san ma'ajiyar bayanai ya dawo daga hutu.

Manhajar da ake tallata maka za ta zana maka wannan jiran a allo da launuka masu kyau, amma ba za ta rage shi da minti ɗaya ba. Su ma ƙwararrun ba su da ikon soke kwamiti ko cire sa hannun wani. Wannan ikon naka ne, kuma ka yi haƙuri da ni, sau da yawa teburin da takardu suka fi daɗewa a kansa shi ne na shugaba.

Abin da ke ba ni mamaki game da kasuwar Ajayil ke nan. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 masu rubuta manhaja suka taru a Snowbird da ke jihar Yuta a Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwar da ta zama tushen Ajayil. Abu na farko da suka sa a cikinta shi ne fifita mutane da mu'amalarsu a kan tsare-tsare da kayan aiki. Yau kuma da sunan wannan sanarwar ake sayar da kayan aiki da takardun shaida.

Akwai abu biyu da za ka fara ba tare da ka kashe ko sisi ba. Jeff Bezos na Amazon, a wasiƙarsa ta shekarar 2015 ga masu hannun jari, ya raba shawarwari gida biyu: wadda idan an yanke ba komawa, da wadda ana iya warwarewa idan ba ta yi ba. Ya ce illar manyan kamfanoni ita ce suna bi da ta biyun da irin tsantsenin da ya dace da ta farkon. To ka duba abubuwan da suka zo teburinka a watan jiya. Canza wurin maɓalli a manhaja, gwada sabon saƙo ga kwastomomi kaɗan, sayen ƙaramin kayan aiki na wata guda, duk waɗannan ka bar wa shugabannin rukuni, ka faɗa musu iyakar kuɗi da iyakar haɗari, ka cire hannunka. Na biyu, ka rage yawan ayyukan da ake buɗewa lokaci guda. Toyota ce ta shahara da wannan a masana'antunta zamanin Taiichi Ohno: ba a sako sabon aiki a layi sai mataki na gaba ya nuna yana da gurbi. Injiniyan da ke riƙe da ayyuka biyar ba ya gama ko ɗaya da wuri.

Idan ka yi waɗannan kuma har yanzu kana son kashe kuɗin, ƙwararren zan zaɓa, amma mutum ɗaya, ya zauna da rukuni ɗaya na wata uku suna yin aikin gaske, ba darasi a ɗakin taro ba. Manhajar bibiya kuwa, ku ɗauki mafi sauƙi da ake biya wata-wata.

Tambaya: Ina shugabantar kamfani da ke hayar sabobi, wato manyan kwamfutocin da manhajarmu ke aiki a kansu, a wajen ɗaya daga cikin manyan masu kilawud, kamfanonin da ke ba da hayarsu ta intanet. Sun ce idan muka ɗaure kanmu da kwantiragin shekara uku za su yi mana babban ragi. Mai kula da kuɗinmu kuma yana cewa mu sayi namu sabobin kawai mu huta da haya.

Amsa: Hajiya, kowannensu yana da hujja a tarihi. Netflix ta fara ƙaura zuwa sabobin Amazon bayan ma'ajiyar bayananta ta lalace a 2008, har ta yi kwana uku ba ta iya aika faifan fina-finai ga kwastomomi ba, kuma ba ta kammala ƙaurar ba sai farkon 2016. Dropbox kuma, mai ajiye wa mutane fayiloli a intanet, akasin haka ta yi, ta kwashe mafi yawan ajiyarta daga Amazon zuwa nata sabobin a wajajen 2016, ta kuma rage kashe kuɗi sosai. Bambancin shi ne Dropbox ta riga ta san nauyin da take ɗauka da yadda yake ƙaruwa, tana kuma da injiniyoyin da za su kwana kan na'urorin.

Saboda haka ki duba lissafin amfaninku na shekara guda. Akwai nauyin da kullum yana nan, dare da rana, akwai kuma wanda ke hawa da sauka. Na farkon shi kaɗai ya cancanci ragi na dogon zango, shi ma shekara ɗaya zan ba ki shawara, ba uku ba, idan har kayanku na canzawa. Na biyun ki bar shi a hayar da ake biya gwargwadon amfani, domin abin da kuke saya a wurin shi ne damar tayar da saba cikin mintuna ku gwada wani abu, ku kashe ta idan bai yi ba. Sabar da aka saya sai an yi odarta, an jira makonni, an girka, kuma ko gwajin ya faɗi kuɗin ya riga ya tafi.

Kafin ki sa hannu, ki tambayi kuɗin fitar da bayanai. Shigar da su galibi kyauta ne, fitarwar ce ake caji. Ki kuma sa injiniyoyinki su lissafa miki ayyukan da kuka gina kan wasu hidimomin da wannan kamfanin kaɗai ke da su, don su ne za su riƙe ku ranar da kuka so tashi.

Tambaya: Wani babban aikinmu ya makara da wata uku. Injiniyoyi goma ke kansa. Ina tunanin ɗauko wasu goma na kwantiragi.

Amsa: Malam, kada ka yi. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin gina babbar manhajar OS/360 a kamfanin kwamfuta na IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi. Sababbin sai an koya musu, kuma tsofaffin ne za su ajiye aiki su koyar. Ga kuma lissafi: idan kowa zai yi magana da kowa, tsakanin mutum 10 akwai hanyoyin magana 45, tsakanin 20 kuwa 190. Ka zauna da kwastoman, ku ware abin da ba zai iya aiki ba sai da shi, ku fitar da wannan, sauran ya biyo baya.

Tambaya: Sau huɗu a shekara muke fitar da sabon zubin manhajarmu, saboda duk fitarwa sai wani abu ya lalace. Matasan injiniyoyina na son mu koma kowane mako. Ni kuma ina tsoron sauri ya haifi nawa.

Amsa: Ranka ya daɗe, tsoronka yana kan hanya, maganin da ka zaɓa ne ke ƙara ciwon. Idan ka tara canje-canjen wata uku ka sake su rana ɗaya, abu ya lalace, a cikin ɗaruruwan canje-canje za ka nemi mai laifi. Idan canji biyu ka saka yau, ka san inda za ka duba, kuma janye su ba wuya.

Manyan ɓarnar da aka sani ma ba yawan fitarwa ne ya jawo su ba, yadda aka fitar ne. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45. An ɗora sabuwar manhaja a sabobi bakwai cikin takwas, aka tsallake ɗaya, tsohon umarni ya farka a cikinta ya dinga aika odar ciniki. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma CrowdStrike, mai manhajar tsaron kwamfuta, ta tura sabuntawa mai kuskure ga kwastomominta gaba ɗaya, kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 suka tsaya bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka shiga ruɗani. Daga baya kamfanin ya ce zai riƙa sakin irin wannan sabuntawar kashi-kashi.

A nan ne zan ce ka buɗe aljihu. Ku kashe kuɗi kan gwajin da kwamfuta ke yi da kanta duk lokacin da aka taɓa manhajar, da tsarin ɗorawa da ba ya dogara da hannun mutum yana kwafa, da na'urar sa ido da za ta sanar da ku matsala kafin kwastoma ya kira. Ku tabbata kuna iya saki ga mutane kaɗan da farko, kuna kuma iya komawa tsohon zubi cikin mintuna. Kada ku yi tsalle daga wata uku zuwa mako guda. Ku sauko wata-wata, sannan mako biyu, kuna duba sau nawa fitarwa ke jawo matsala da tsawon lokacin da gyaranta ke ɗauka. Ranar da za ku fara, ku gwada komawa tsohon zubin da gangan, da rana, kowa yana ofis.