Amsar tambayar ƙaninmu kan kamun salmon ta ƙarƙashin ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ƙanina na jihar Maine a Amurka, na saurari saƙonka. Ka ce abokan aikinka za su kai ka dam kamun kifin salmon ta cikin ƙanƙara, kana son sanin kayan da za ka saya da yadda ake yi. To ka saurara da kyau, saƙon zai ɗan yi tsawo.

Da farko ka san kifin da za ka nema. Wannan salmon ɗin jinsin na tekun Atlantika ne, amma shi a ruwan daɗi yake ƙare rayuwarsa, ba ya sauka teku. Asalinsa a Maine wuraren ruwa huɗu ne: Sebago, Sebec, Green Lake da West Grand, daga nan aka yi ta kai irinsa wasu tafkuna da madatsu. Babban abincinsa wani siririn kifi ne mai sheƙi da ake kira simelt. Inda simelt ya bi nan salmon yake, kuma da hunturu sau da yawa a saman ruwa yake farauta, dab da ƙanƙarar da kake tsaye a kai. Nan sabbin shiga ke shan wahala. Mutum ya saba da fatsa a gida, sai ya saki ƙugiya har gindin ruwa, ya wuni bai ga komai ba, alhali kifin na wucewa ƙafa uku ƙarƙashin takalminsa.

Amma kafin kifi, maganar rai. Ƙanƙarar dam ba ɗaya take da ta tafkin da Allah ya yi ba. Ɗauki Chesuncook, wanda madatsar Ripogenus ta tare a reshen yamma na kogin Penobscot. Irin waɗannan wuraren ana sakin ruwa duk tsawon hunturu, don wutar lantarki da kuma samar wa ruwan narkewar dusar ƙanƙara wuri. Ruwa na janyewa, ƙanƙarar bakin gaɓa sai ta karkace ta tsattsage, wani wurin ma ta rataye babu ruwa a ƙarƙashinta. Sannan tsohuwar hanyar kogi tana nan a ƙasa tana gudu, tana cin ƙanƙarar ta ciki, kai a sama ba ka ganin alama. Don haka kusa da bangon dam, da mashigar rafi, da inda ruwa ya matse tsakanin tsibirai, duk ka yi nesa da su.

Ƙa'idar kauri: inci 4, wato kusan santimita 10, na ƙanƙara garau mai duhu, shi ne mafi ƙarancin abin da mutum zai taka da ƙafa. Fara mai kama da madara ƙarfinta rabi ne, sai ka ninka awon. Ka riƙe sandar ƙarfe mai baki kana sara gabanka, in ta ɓula da sara ɗaya ka juya ta inda ka fito. Ka rataya tsinken ƙarfe biyu a wuya, a kan riga, waɗanda ake cakawa a ja jiki in an faɗa. Igiya mai tsawon mita 15, ƙarafan takalmi masu hana santsi, kuma don Allah kada ka fita kai kaɗai. Alwala ka yi ta tun daga gida, jiƙaƙƙen hannu a wannan iskar cikin 'yan mintuna yake sandarewa.

To, kaya. Injin huda mai faɗin inci 8 ya isa. Sai ludayi mai huji-huji na kwashe ɓurɓushin ƙanƙara daga rami, kamar dai matsamin ƙosai. Sai tarko mai tuta: katako ne da ake gicciyawa a bakin rami, kwarkwaron zare yana cikin ruwa don kada ya daskare, kifi na ja sai tuta ta miƙe. Dokar gama-gari a Maine tana ba mutum layi 5, amma wasu ruwayen suna da tasu dokar, wasu ma an hana su ta ƙanƙara gaba ɗaya. Ka yanki lasisi, ka buɗe littafin doka na bana, ka nemi sunan ruwan da za ku je.

Ga yadda ake haɗa zaren. A kan kwarkwaro ka naɗa kakkauran saƙaƙƙen zare mai ɗaukar fam 20 zuwa 30, don shi za ka riƙe da hannu. A ƙarshensa ka ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyi da ke hana zare murɗewa, sannan siririn zare garau mai ɗaukar fam 6 zuwa 8, tsawon ƙafa 5 ko 6. Wannan siririn shi ne komai. Ruwan hunturu tas yake, salmon kuma idonsa kaifi gare shi, in ya hango zare sai ya kauce. Ƙugiya lamba 6 ko 8. Ɗan nauyi ƙwaya ɗaya, ƙafa ɗaya sama da ƙugiya, iya wanda zai hana simelt ɗin da za ka sa a ƙugiya tasowa bakin rami. Kada ka sayi na darma, an hana ƙananan nauyin darma a Maine saboda tsuntsayen ruwa na haɗiyewa su mutu.

Simelt mai rai, inci 3 zuwa 4, ka saya a shagon cikin jihar, shigo da shi daga wata jiha laifi ne. Ba shi da juriya, ka ajiye shi cikin ruwa mai sanyi da ɗan injin busa iska. Ka soka ƙugiyar a fatar baya, bayan ƙayar tsakiya, sama-sama. In ka taɓa ƙashin baya ya shanye ke nan, zai rataye kawai ba motsi, kuma motsin ne ke kiran salmon. Wanda ya rage kada ka juye shi cikin ramin.

Yanzu zurfi, kuma nan nake so ka fi kasa kunne. Ka huda ramukanka a jere, daga kusa da wani tsinin gaɓa zuwa wajen ruwa mai zurfi, tazarar taku 20 ko fiye. Na farko ka sa simelt ɗin ƙafa 2 ƙarƙashin ƙanƙara, na biyu ƙafa 4, na uku 6, na huɗu 10, na ƙarshe 15. Ka auna daga ƙasan ƙanƙarar, ba daga inda kake tsaye ba, don kaurinta kaɗai na iya kai ƙafa biyu a Fabrairu. Ko da ruwan wurin ya kai ƙafa 60, haka za ka yi. Wanda tutarsa ta tashi sau biyu, sai ka mayar da sauran wannan zurfin. Ka zura ɗan maɓallin riga a zaren ya zama alama, don ka riƙa komawa daidai wurin.

Tunda kifin yana kusa da kai, yana jin ka. Ka gama huda tun da duhu, ka koma gefe ka zauna. Daga ketowar alfijir zuwa hantsi ne lokacin cinsa, ranar da gari ya yi lumshi kuma yakan ja har rana. Duk bayan minti 20 zuwa 30 ka zaga ka fasa ƙanƙarar da ta sake kama bakin ramin, ka duba ko simelt na da rai.

Tuta ta tashi? Ka je da sauri amma ban da dire-diren ƙafa. Leƙa ka gani: in kwarkwaro na juyawa, kifi na tafiya da shi. Ɗaga tarkon a hankali, ka kama zaren, ka bari ya miƙe, sannan ka ɗan fizga sau ɗaya, gajere. Fizgar ƙarfi ita ke tsinke siririn zaren. Kada ka jira ya daɗe, zai haɗiye ƙugiyar har ciki. Kana ja hannu bayan hannu, in ya zabura ka sakar masa zare ya bi ta tsakanin yatsunka. Mafi yawan asara a bakin rami take, domin yana ganin haske sai ya haukace, zaren ya goga da kaifin ƙanƙara. Ka jira sai kansa ya shigo ramin da kansa, sannan ka ɗago. Zaren da ka jawo ka zube shi gefen da iska ba za ta cukurkuɗa shi ba.

A dokar gama-gari sai ya kai inci 14 ake ɗauka, guda 2 a rana. Wanda bai kai ba kada ka shimfiɗa shi kan ƙanƙara, idonsa da matatar numfashinsa nan take suke daskarewa. Ka cire ƙugiyar yana cikin ramin, in ta yi nisa ka yanke zaren ka sake shi.

'Yan'uwanmu na Kolorado da Montana, ku naku daban ne. Na madatsar Blue Mesa da Georgetown Lake shi ne kokani, wani jinsin salmon ne daban, ƙananan halittun ruwa yake ci, garke-garke yake yawo a tsakiyar ruwa. Shi da sandar fatsa ake nemansa: ƙaramar ƙugiya ruwan hoda ko mai walƙiya, a sa mata tsutsa, ɗan faranti mai sheƙi a samanta, ana ɗagawa ana saukewa a hankali. Bakinsa laushi gare shi, jan ƙarfi yaga shi yake.

Ƙanina, in za ku kunna hita mai gas a cikin tanti, ku bar kafar iska a buɗe, hayaƙinta ba ya wari kuma yana kisa. Turo min sunan dam ɗin kafin Asabar mu duba dokarsa tare. Allah ya tsare, a gaida iyali.