Ni ma an ci amanata, ga abin da na samu a wajen Epiktitus

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da daddare na karanta tambayarka, na ajiye wayar na kasa cewa komai, don kamar labarina ka ɗauko ka rubuta. Ka ce abokin da kuka buɗe shagon waya tare ya kwashe jari ya bar ka da bashi, wata takwas ke nan ba ka barcin kirki, wani ya miƙa maka ɗan littafin Epiktitus, wani masanin falsafa na zamanin Rumawa. Kana tambaya ko wannan falsafa ta 'yan Sitowa, wato tafarkin tsoffin masanan Girka da Rum da shi Epiktitus yake bi, tana da amfani ga mai ciwo irin naka ko kuwa bushewar zuciya kawai take koyarwa, kuma ko ba ta karo da addini.

Ni nawa ba aboki ba ne, ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci tuwo. Filina na sayar, wanda na shekara tara ina tara kuɗinsa daga albashin koyarwa, na damƙa masa ya sayi riɗi da kaka a ajiye har farashi ya tashi. Babu takarda, babu shaida sai matata da take bayan labule. Da lokaci ya yi ya zo mini da fuskar tausayi, wai ruwa ya shiga sito, kaya sun lalace, abin da ya tsira bai kai kuɗin mota da na 'yan dako ba. Wallahi ni na riƙa ba shi haƙuri. Ni na raka shi har bakin titi ina ce masa kada ya sa abin a ransa. Bayan wata biyar mai siton da bakinsa ya gaya mini ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga ba, a gabansa aka loda kayan lafiya ƙalau.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar sunan ɗan ƙanwarmu. A makon nan aka koro 'yata daga makaranta saboda kuɗin zango. Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida sai ga shi a sabuwar mota, ko ledar kujerun bai cire ba. Ya fito da farar shadda tana ɗaukar ido, maroƙa suka yi masa caa, ya riƙa zaro sababbin kuɗi yana miƙa musu. Sannan ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Yaya, ina gajiya?" Ya kamo hannun ƙaramin ɗana ya danƙa masa naira dubu ya ce a sayi alewa. Kuɗina ne, gumina ne, ya tsakuro daga ciki ya ba ɗana a gaban jama'a, ana ta sa masa albarka. Na amsa gaisuwar, ban san da wane baki ba. Kunnuwana suka toshe, shinkafar da aka ajiye mini ta huce a gabana ban taɓa ta ba. Har yau in na ji ƙamshin irin turaren da ya sa ranar sai cikina ya juya. Kuma abin da ya fi ci mini rai, duk manyan da ke wurin sun san maganar, amma kowa ya sunkuyar da kai, sai daga baya a jawo ni gefe a ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwanka ne." Shi babu wanda ya ja shi gefe.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe uku na dare ina zaune a tsakar gida ina saƙa da warwara, ina tsara abin da zan faɗa masa, ina ba kaina amsarsa, ina sake mayar masa. Na riƙa leƙa hotunan da yake sakawa a WhatsApp kamar mai sosa gyambo. Sai da aka auna ni aka ce jinina ya hau.

Wani abokin aikina ne ya ba ni littafin, ɗan ƙarami, wanda Ariyan, ɗalibin Epiktitus, ya tattara, don shi Epiktitus bai rubuta komai da hannunsa ba. Da farko haushi ya ba ni. Na ce me mutumin da ya mutu kusan shekara 1,900 da suka wuce ya sani game da filina? Abin da ya sa na zauna na karanta shi ne da na ji ko wane ne shi. Bawa ne. An haife shi wajen shekara ta 50 Miladiyya a Hiyerapolis, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya yi bauta a birnin Rum a hannun wani sakataren sarki Nero, sunansa ma da Girkanci ma'anarsa abin da aka mallaka. Gurgu ne kuma. Bayan ya samu 'yanci sarki Domishiyan ya kori masana falsafa daga Rum, ya koma Nikopolis a ƙasar Girka ya buɗe makaranta. Mutumin da ko jikinsa ba nasa ba ne in ya yi maganar rashi, dole ka saurare shi. Shi kansa Zeno da ya kafa tafarkin a Atina, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ruwaito ɗan kasuwa ne da jirgin ruwa ya nutse da hajarsa. Wanda ya yi asara ne ya fara wannan karatu.

Ka san abin da littafin ya buɗe da shi, wato akwai abin da yake hannunka akwai wanda ba ya hannunka. Kowa yana iya faɗin wannan. Ni dai ban ga amfaninsa ba sai daren da na ɗauko littafin rubutun 'yata na ja layi a tsakiyar shafi. A dama na rubuta abin da yake nawa, a hagu wanda ba nawa ba. Kuɗin da ya tafi, hagu. Ya ji kunya ko kada ya ji, hagu. Abin da dangi za su ce, hagu. Motarsa, hagu. Na duba na ga duk abin da ya hana ni barci wata da watanni a hagu yake. A dama abu huɗu kacal na samu: in nemi hakkina ta hanyar da ta dace, in nemo kuɗin makarantar yarinya, in sha maganina, in daina huce haushi a kan matata da yarana. Na huɗun nan ya sa ni kuka, ƙanena, don sai a lokacin na tuna tsawar da na daka wa ƙaramin ɗana a kan naira dubun nan, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ka yi wannan jan layin yau, kada ka bari sai gobe. Kuma ka goge lambarsa daga inda kake ganin hotunansa.

Akwai labarin fitila da ya riƙe ni sosai. Epiktitus yana da fitilar ƙarfe, ɓarawo ya shigo ya ɗauke. Ya ce gobe zai samu ta yumɓu. Sannan ya yi lissafin abin da ɓarawon ya biya: saboda fitila ya zama ɓarawo, saboda fitila ya zama marar amana. Na daɗe ina juya wannan. Ni fili na rasa. Shi ya sayar da amanarsa, ya sayar da sunan da baffa ya bar masa, ya sayi mota. A da ina ganin ya ci ni ya tsira. Yanzu in aka ce mu yi musaya, in karɓi motar in zama shi, wallahi ba zan yarda ba. Ranar da na gane haka na yi barci har aka kira assalatu ban ji ba.

Maganar bushewar zuciya kuwa, a'a. 'Yan Sitowa da kansu sun yarda cewa faɗuwar gaba ta farko, da canjin fuska, da rawar jiki, ba ka da iko a kansu, ko mai hikima yana jin su. Abin da yake naka shi ne hukuncin da za ka yanke bayan nan. Kuma ba su ce ka bar hakkinka ba. Adalci ɗaya ne daga cikin ginshiƙansu huɗu, tare da hikima da jarumta da kamun kai. Suna ba da misalin maharbi: gyara baka da saita kibiya naka ne, amma da ta bar hannunka iska ma tana da ta cewa. Da wannan na kai maganar gaban manya a karo na biyu, na zo da mai sito, na yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Da can in na buɗe baki ihu nake yi, sai a bar zancen kuɗi a koma zancen rashin kunyata. A wannan karon bai samu wannan mafakar ba. Ya amsa zai biya kashi-kashi. Zuwa yanzu bai kai rabi ba.

Kai ma ka tattara duk wata shaida, saƙonnin waya, rasit, takardar banki, ka nemi wanda ya san doka. Kuma don Allah duk mai karanta wannan, ku riƙa rubuta yarjejeniya ko da da wanda kuka fito ciki ɗaya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma mu sai kunya ta hana mu, mu ce ai an zama ɗaya. Kunyar nan ce ta cinye mini fili. Iyayenmu ma suna da laifi a nan, in ka ce a rubuta sai a ce ba ka yarda da ɗan'uwanka ba.

Game da addini, ni aƙidata a wajen malamaina nake ɗauka, ba wajen Girkawa ba. Suna da nasu imanin game da alloli da halitta wanda ba namu ba ne, kuma sun halatta wa mutum ya kashe kansa a wasu halaye, wannan na watsar da shi gaba ɗaya. Abin da na ɗauka dabarun riƙe zuciya ne. Kuma ba mu muka fara ba. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya rubuta risala kan yadda ake kore baƙin ciki, a ciki ya kawo misalin matafiya jirgin ruwa da suka sauka a tsibiri suka shagala da tsince-tsince, misalin da asalinsa yana cikin wannan ɗan littafin da ke hannunka. Inda Epiktitus ya ce kada ka ce ka rasa abu, ka ce ka mayar, ai kunnen da ya saba da Inna lillahi ba zai ji shi baƙo ba. Gaskiya ma karatun nan kunya ya ba ni, don na ga na shekara ina faɗin ƙaddara da baki alhali zuciyata tana faɗa da ita.

Seneka ma, wani ɗan Sitowa na Rum, ka neme shi, musamman abin da ya rubuta kan fushi, ko da yake ni ban sake jiki da shi kamar Epiktitus ba, don attajiri ne na gaske yana yabon talauci. Amma abu ɗaya na ɗauka a wajensa. Ya ce in an ɗauke fitila da dare, matarsa ta yi shiru don ta san al'adarsa, sai ya bi yininsa kaf yana tuhumar kansa, ba ya ɓoye wa kansa komai. Muhasaba ke nan. Ina yinta bayan sallar isha, minti biyar, a kan dadduma: yau sau nawa na bar mutumin nan ya shigo kaina, me na yi da ya fi ƙarfin dalili. Seneka ne kuma ya ce babban maganin fushi jinkiri. Saƙonni nawa na rubuta wa ɗan baffana na bari sai da safe, da gari ya waye na goge.

Markus Oriliyus, wanda ya mulki Rum daga 161 zuwa 180, shi ma an ci amanarsa. A 175 wani babban kwamandansa da ya amince wa, Abidiyus Kasiyus, ya ayyana kansa sarki. Bayan kamar wata uku sojansa suka kashe shi, kuma an ruwaito Markus bai yi murna ba, ya so a ce ya same shi da rai ya yafe masa. A rubutun da yake yi wa kansa ya ce ramuwar da ta fi ita ce kada ka zama irin wanda ya cuce ka. Ni ban kai matsayin Markus ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na yafe ba. Ban yafe sauran kuɗina ba, ina binsa.

Wurin da har yanzu nake kokawa da shi shi ne inda Epiktitus ya ce kowane abu mariƙi biyu gare shi, ɗaya yana ɗaukuwa ɗaya ba ya ɗaukuwa. In ɗan'uwanka ya zalunce ka, kada ka kama ta wajen zaluncin, ka kama ta wajen cewa ɗan'uwanka ne da kuka tashi tare. Da na fara karanta shi jifa na yi da littafin, don na ji kamar muryar manyan nan masu cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai daga baya na ga bambancin. Su suna so in yi shiru ne don a zauna lafiya, shi kuwa yana nuna mini ta inda zan ɗauki kayan kada ya karya ni. Da ƙaramar sallar da ta wuce mahaifiyar ɗan baffan nawa ta kwanta rashin lafiya, matar da ta goya ni ina yaro. Na je na duba ta. Yana zaune a bakin gadon. Gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe, turaren nan dai shi ne. Na miƙa masa hannu muka gaisa, na zauna wajen Inna na ɓare mata lemo, na yi kusan awa ɗaya. Da zan fita ya biyo ni zaure yana inda-inda, na ce masa ƙarshen wata ina jiran kason da ya yi alkawari, na sa takalmina na tafi.

Ka je a auna jininka a wannan makon, ƙanena, wata takwas ba barci ba wasa ba ne. In ka ja layin nan, ka turo mini abin da ka samu a ɓangaren dama, mu duba tare.