Amsa: Yadda za ka ɓoye ayyukan da ke maimaituwa daga jadawalin mako

Malam, ka ce ayyukan kullum sun cika maka shafin mako a Todoist, manhajar tsara ayyuka, har muhimman sun nutse a cikinsu. Kada ka goge su, matata (filter), wato abin tace ayyuka, za ka ƙirƙira.

Shiga sashen Filters & Labels, ka buɗe sabuwar matata, ka rubuta 7 days & !recurring. Alamar motsin rai ɗin nan ita ce ke cewa "ban da", wato ayyukan kwana 7 masu zuwa ban da masu dawowa.

Sai dai a nan mutane ke tuntuɓe: wannan ba ta nuna aikin da ranarsa ta wuce ba ka gama ba. Gyara shi ne overdue & !recurring, 7 days & !recurring. Waƙafin yana raba su gida biyu a shafi guda, bashin jiya a sama.

In wani aikin kullum ya ci gaba da leƙowa, duba ranarsa. Galibi an sake rubuta kwanan watan da hannu, maimaituwar ta ɓace, ya koma aiki na sau ɗaya. Mayar masa da every day, wato kullum, a wurin kwanan watan.

Ka saka matatar cikin Favorites don ta zauna a gefe.